Wata huɗu ina ganin likitan ƙwaƙwalwa ta manhajar waya, ga abin da na gani

Ni fa ban shiga manhajar nan don ina ganin ina da matsalar ƙwaƙwalwa ba, cikina ne ya kai ni. Kusan shekara biyu ina fama da kumburin ciki, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita, ga bugun zuciya da yake tashina cikin dare kamar an biyo ni da gudu, na sha maganin olsa har na gaji, an yi min hoton zuciya an ce lafiya lau. Wata nas ce ta ce min ko zan gwada ganin likitan ƙwaƙwalwa, wallahi a lokacin haushi na ji, na ce wato mahaukaci ta mai da ni kenan.

Da ka yi rajista tambayoyi za su fara jero maka. Akwai guda 7 na fargaba da ake kira GAD-7, makin yana tsayawa a 21, sai guda 9 na ciwon damuwa, PHQ-9, shi kuma 27. Na cike na farkon ban yi mamakin sakamakon ba, na biyun ne ya ba ni tsoro, don ni ban taɓa lissafa rashin jin daɗin komai da kwanciya har rana ta take a matsayin ciwo ba, na ɗauka gajiya ce kawai. Likitar da manhajar ta haɗa ni da ita ta ce fargaba da damuwar nan kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, sau da yawa wanda ke da ɗaya ana samun ɗayan a tare da shi, shi ya sa ba sa auna fargaba ita kaɗai.

Inda matar nan ta burge ni shi ne ba ta ce min ai duk tunani ne ba, kalmar da na fi tsana kenan. Cewa ta yi kafin ta rubuta komai in je a gwada min jini da tayirod, ƙullutun nan na wuya da in ya kumbura ake cewa maƙoƙo, don in yana aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya da rawar hannu da zufa da rashin barci, sak fargaba. Ƙarancin jini ma haka. Ta tambaye ni ko ina da asma, na ce eh tun ina yaro, ta ce inhelar salbutamol kanta tana sa zuciya gudu da kyarma, kuma numfashi in ya sarƙe tsoro yake kawowa, tsoron kuma ya ƙara sarƙe numfashin, a yi ta zagaye. Batun ciki kuwa ta ce hanji da ƙwaƙwalwa jijiyoyi ne suka haɗa su, masu IBS, wato ciwon hanji mai kawo kumburin ciki da gudawa ko ƙin fitar bayan gida, da yawa suna da fargaba, kowanne yana zuga ɗan uwansa. Ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira nake ba.

Akwai wata tambaya da ta yi min da sai daga baya na gane amfaninta, wai ko na taɓa yin kwanaki ba na barci amma ina jin ƙarfi kamar doki, ina kashe kuɗi ba lissafi. Ashe mai ciwon baifola, wanda yanayinsa ke juyawa tsakanin tsananin kuzari da tsananin damuwa, in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkice masa. Ni ba ni da shi, sai ta ɗora ni kan magani ta ce kar in sa ran ganin canji kafin sati 4 zuwa 6, kuma satin farko zai iya ɗan ƙaruwa ma. Haka aka yi kuwa, tashin zuciya ya sa na kusa watsar da shi.

To amma manhajar kanta sai a hankali. Sau biyu aka canza min mai zaman tattaunawar CBT, wato jinyar da ake yi da magana don gyara tunani da ɗabi'a, ba sanarwa, kowanne sai na faro labarina daga tushe, kai da ke fama da fargaba a sa ka maimaita abin da ke tayar maka da hankali. Babu wurin loda sakamakon gwaji, hotonsa na ɗauka na tura a cat, kuma ba su da wata hanyar magana da likitan da ke duba cikina, ni ne ɗan aike tsakaninsu, ita ta faɗa in kai, shi ya faɗa in dawo da shi. Ga bidiyo kol da ke yankewa daidai lokacin da ka fara buɗe cikinka. Sannan in abin ya taso maka ƙarfe biyun dare ba wanda zai amsa, saƙon na'ura ne kawai zai ce ka nufi asibiti mafi kusa, sun dai faɗi hakan tun farko, ban ce sun ɓoye ba.

Tauraro uku da rabi na ba su cikin biyar, kuma rabin nan na likitar ne. Cikina bai warke tas ba amma yanzu sai in yi sati biyu bai motsa ba, na sabunta rajistata ta wata na biyar jiya da sharaɗin kar a sake canza min mutum.