Kwana shida a Zanzibar: tekun da ke tafiya ya dawo, da filin wasan ruwan otal ɗinmu

Safiyarmu ta farko, bayan mun karya kumallo, na shiga ɗaki na sa kayan wankan da na yi wata biyu ina ɓoyo a ƙasan akwati, muka gangara bakin teku ni da Alhaji. Sai muka tarar babu teku. Farin yashi ne shimfiɗe, da 'yan kududdufai nan da can, da kwale-kwale a kwance kan haƙarƙarinsu kamar shanun da suka ƙoshi. Ruwan kuwa yana can nesa, sai ka kare ido da hannu kafin ka hango farin kumfarsa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan ne abin da muka zuba adashin shekara biyu a kansa?"

Mu 'yan Nima ne, a Accra. Ina sayar da atamfa da leshi, shi kuma yana harkar kayan gyaran mota. Aurenmu ya cika shekara goma, muka kai yara wajen kakarsu a Maamobi, muka ce mu ma bari mu ɗanɗana abin da muke gani a waya. Dalili biyu suka sa muka zaɓi Zanzibar: mai fasfon Ghana ba ya neman bizar Tanzaniya don ɗan gajeren ziyara, kuma yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, ba sai na yi ta tambayar wa ya yanka naman ba. Otal ɗin da muka kama yana gabar gabas, wajen Kiwengwa, kuma abin da ya ja mu gare shi hoton filin wasan ruwansa ne.

Abin da wanda ya sayar mana da tafiyar bai faɗa mana ba shi ne halin tekun wannan gabar. Sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, kuma kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya ko ya cika, janyewar ta fi tsanani, mu kuma a daidai cikar wata muka sauka. Gabar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da zurfi har zuwa inda duwatsun murjani suka yi katanga a cikin ruwa, shi ya sa in ya tafi yake tafiya da nisa haka. A wajen karɓar baƙi akwai allo da ake rubuta lokutan da alli kullum. Ranar da na gane amfaninsa, daga nan hutunmu ya daidaita.

Domin in ya ciko, jama'a, sai wanda ya gani. Duk wanda ya tashi a Accra ya san tekunmu ba abokin wasa ba ne. A Labadi ko Kokrobite ruwa bai wuce gwiwata ba nake juyowa, saboda igiyar tana dukan mutum ta kuma ja ƙafarsa ta ƙasa, ga leda da tarkace in an yi ruwan sama. Nan kuwa katangar murjanin ce ke karya ƙarfin igiyar tun daga nesa, abin da ke isowa gaɓa ruwa ne mai ɗumi, kwance, garai-garai, kana tsaye har ƙirji kana ganin farcen ƙafarka. Ni da ban iya iyo ba, na yi awa guda a ciki ba tare da gabana ya faɗi ba. Sai dai a sayi takalmin roba na shiga ruwa tun daga gida. Akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da ke laɓewa cikin duwatsu, kuma a idona wani Bature ya taka ta, aka tallabo shi yana ɗingishi.

To, filin wasan ruwan. Gaskiya mai ɗaukar hoton nan ya ci kuɗinsa, don ya san inda zai tsaya ƙaramin wuri ya zama babba. Wuraren sulu uku ne: ɗaya buɗaɗɗe mai lanƙwasa, ɗaya rufaffe kamar bututu, ɗaya kuma miƙaƙƙe mai tsayi wanda muka tarar an ɗaure ƙofarsa da igiya, ana gyara. Har muka tafi ana gyaran nan, ban kuwa taɓa ganin mai gyaran ba. Sai wani ɗan rafi da aka gina yana zagaye wurin, mutum ya kwanta kan tayar roba ruwa ya yi ta yawo da shi a hankali, da ɓangaren yara inda wani ƙaton bokiti ke cika ya kife a kansu suna ihu. Wanda ya taso daga Ghana saboda wannan filin kaɗai zai ji an yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma da yake teku kan yi tafiyarsa na sa'o'i da rana tsaka, nan ne mafakar kowa, kuma a haka ya biya mana buƙata.

Ranar farko ban hau ba. Na haura matakalar da dogon hijabina a kan kayan wankan, yarinyar da ke tsaron wurin ta dakatar da ni, cikin ladabi, ta ce, "Mama, samahani." Ta nuna min allon doka: ba a sulu da tufa mai yalwa, ko mai zif, ko wani abin ƙarfe, don kada ya maƙale. Na sauko raina a ɓace, ina ganin kamar an ware ni ne. Da yamma sai ga ta ta same ni a bakin rafin, ita ma ashe Musulma ce, ta nuna min yadda zan cusa rigar cikin wandon in sa hular wanka mai rufe wuya, ta kuma ce in zo da an buɗe da safe, kafin Turawa su gama shan shayi. Haka na yi. Na zauna a bakin bututun nan, ruwa na bugun bayana, ciki duhu, na ce bismillah na saki hannu. Abin da na sani kawai na yi salati da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, na faɗa ruwa tsulum, na ɗago ina tari ina dariya. Alhaji, wanda ya rantse shi ba yaro ba ne da zai hau wannan abu, sau bakwai na ƙirga masa a ranar, har gwiwar hannunsa ta saluɓe. 'Yan'uwa mata masu niyyar zuwa, ku nemi kayan wanka masu rufe jiki amma marasa yalwa, wando da riga mai dogon hannu da hula. A shagon otal akwai, sai dai kuɗinsa ya isa turmin atamfa mai kyau.

Inda nake ganin mun yi asara shi ne tsarin biyan kuɗin. Mun ɗauki wanda ake haɗa komai, kwana da ci da sha, a ɗaura maka ɗan awarwaron roba a hannu. Sai da muka zauna muka lura rabin abin da ake nufi da "sha" giya ce. Mu da ba mu wuce ruwan kwakwa da lemo da shayi ba, ashe kuɗin barasar wasu muke tayawa biya. Da mun sani da kwana da karin kumallo da abincin dare kawai muka ɗauka. Abincin kansa ba laifi, sai dai an dafa shi ne don harshen Turawa, baƙin Italiya sun fi yawa a wurin, taliya kullum, yaji kuwa sai ka roƙa. Allah ya taimake ni na taho da kwalbar shito, soyayyen yajinmu na Ghana, a cikin kaya. Daren da suka yi girkin gargajiya ne na ci na ƙoshi: shinkafar pilau mai kanumfari da kirfa, da kifi cikin romon kwakwa. Naman alade yana gefe guda da rubutu a kansa, da cokalinsa daban, wannan kam na yaba.

Ɗakin yana da tsabta, da gidan sauro a kan gadon katako irin nasu mai sassaƙa. Ruwan shaya yana da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa sosai. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a dare na uku, sai da muka je wajen karɓar baƙi sau biyu kafin a turo mai gyara. Babu alamar alƙibla a ɗakin. Alhaji ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas yadda muka saba, sai mai share ɗaki ya gyara masa: daga Zanzibar Makka tana arewa ne, kusan kai tsaye. Tun daga ranar in zai ta da salla sai ya bar teku a hannun damansa.

Kwana ɗaya muka ware wa Stone Town, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mun ga cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, na fito jikina a sanyaye. A kasuwar Darajani kuwa 'yar kasuwa ta samu gida. Ashe ƙirgensu ɗan'uwan namu ne: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini. Mai sayar da zannuwan kanga ta ce elfu thelathini, wato dubu talatin, na ce ishirini, ta riƙe baki tana dariya, ta ce daga ina na fito. Amma agogonsu ya kusa sa mu kwana a ciki. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a, ƙarfe 7 na safe shi ne "saa moja". Direba ya ce zai zo "saa mbili", Alhaji da ya haddace lambobi a jirgi ya fassara min ƙarfe 2 na rana, ashe 8 na safe ake nufi. Muna kan gado aka buga mana waya.

Kafin tashi daga filin jirgin saman Accra a tanadi katin rigakafin shawara, mu an tambaye mu shi. Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, mu dala 44 muka biya kowannenmu, ko da kana da wata inshorar. A biya ta intanet tun a gida a huta da layi. Otal ma ya karɓi harajin kwana na gwamnati a ranar fita, wanda ba ya cikin kuɗin da muka biya tun farko. Babu jirgi kai tsaye, ta Adis Ababa muka bi, kuma suna gabanmu da awa 3.

In za a tambaye ni maki, otal ɗin uku da rabi cikin biyar, rabin nan kuma na yarinyar bakin bututu ne. In Allah ya sake nufa, kwana biyu kawai zan yi a gabas, sauran in koma Nungwi ko Kendwa a arewa, inda ruwa ba ya janyewa da nisa, mutum ya shiga duk lokacin da ya ga dama. Alhaji ya ce shi sai an buɗe sulun nan na uku zai yafe musu.