Lissafin tafiyar Hajiya daga Kano zuwa Accra

Yaya, gaisuwa mai yawa daga unguwar Nima, nan Accra. Ina fatan ƙafar Hajiya da sauƙi.

Ka ce ka duba taswira a waya, ka ga tsakanin Kano da Accra kusan kilomita 1,200 ne, ba zai wuce awa biyu ba. Da jirgi miƙewa yake yi sambal, da lissafinka ya fita. Amma ni duk zuwan da na yi, ta Legas na biyo. Kano zuwa Legas kilomita 800 da ɗoriya, awa ɗaya da rabi a sama. Legas zuwa nan kamar 400, awa guda. Zaman cikin jirgi ke nan, awa biyu da rabi, sauran yinin kuwa a ƙasa yake ƙarewa. A Legas sai an karɓi kaya, a fito daga ɓangaren jiragen cikin gida, a nemi mota zuwa na ƙasashen waje, a sake awo, a sake bin layi. Zuwana na ƙarshe jirginmu ya makara, na iso ina jan jakar kilishi da yaji, gumi har cikin ido, na tarar an rufe ƙofa. A kan benci na kwana, jakar ce matashina. Ba na son Hajiya ta ga irin wannan dare. Don Allah ka bar mata tazarar awa huɗu ko biyar tsakanin jiragen biyu.

Kada kuma tikiti ya ruɗe ka. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, sai ka ga an rubuta tashi daga Legas ƙarfe 10, sauka ƙarfe 10. Ba kuskure ba ne.

Saukar nan ba ta da wahala. Sabon ginin filin jirgin da suka buɗe a 2018 akwai tsafta da sanyi, layi na tafiya. Fasfo ɗinmu na ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, a sa shi cikin jakar hannunta. Ka nema mata keken turawa tun wajen yankan tikiti.

Sai maganar ziyarar 'yan uwanta a Zangon Kumasi. Ta sama kilomita 200 ne, minti 40, kafin ka gama shan ruwan da aka miƙo maka an fara sauka. Ta mota kilomita 250 ne kacal, amma awa biyar ko shida ake ci, saboda manyan motoci da cunkoson fita gari. Ni bas nake shiga a tashar Circle da ke nan Accra, kuma gaskiya bas ɗinsu ya fi namu na gida: kujera mai faɗi, kowa da tasa, ba a ɗora maka buhu a cinya. Ga sauƙin kuɗi. Duk da haka ita jirgi zan yankar mata, ƙafar nan ba za ta jure zaman awa shida ba.

Da ka yanki tikitin ka turo min hotonsa, in san ƙarfe nawa zan je in tsaya mata a bakin ƙofa.