Kol rum ɗin da nake sayen kifi a Mabera, da tambarin shuɗin kifi da sunka liƙa a bango

Wata huɗu ke nan ina sayen kifin ƙanƙara a wani sabon kol rum da anka buɗe wajen Mabera, kuma tunda mata na ta kirana suna tambayar inda nake samo titus ɗin da nake soya wa masu biki da suna, bari in faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi. Sunan shagon ba zan kama ba, wanda ya san unguwar zai gane.

Abin da ya fara ja na wurin tsabta ce. Ba ƙarnin nan da ke tarbar mutum tun daga bakin titi, yaran suna sa safar hannu, sikelinsu na lantarki ne kana kallon lamba da idonka, kuma janareto na tashi da an ɗauke wuta, na sha zama a kan bencinsu ina jira in ji ya tashi kafin in ƙirga goma. A garin da zafin Afirilu ke haura digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk mai sana'ar abinci a Sakkwato ta san baƙin cikin sayen kwali ka kai gida ka buɗe ka tarar kifin ya taɓa narkewa an sake daskarar da shi, ciki ya yi laushi, ana sa shi a mai ya wargaje awa dambu.

To a bangon shagon akwai wata babbar fosta mai hoton teku da wani tambari shuɗi, kifi ne da alamar maki irin wadda malami ke yi wa yaro in ya ci lissafi, an rubuta MSC. Ranar farko na tambayi yaron shagon mi ne ne wannan, sai yac ce "Hajiya ai duk kihinmu mai satifiket na, daga Turai." Na ce to madalla, na biya na tafi, har raina ina jin na sayi wani abu na musamman.

Ƙanena ne ya ɓata min wannan jin daɗin. Harkar kifi ya karanta a jami'ar Ɗanfodiyo, kuma irin yaran nan ne da ba a yin magana gabansu ta wuce haka nan. Ya zo cin abinci ya ga kwalin a tsakar gida ya juya shi ya yi ta karatu, ya ce Yaya ina tambarin da kike faɗi? Babu. Amma ya nuna min abubuwan da ni shekara da shekaru nake yagewa in hura gawayi da su ban taɓa dubawa ba: sunan kifin na boko Scomber scombrus, nauyi kilo 20, ranar da anka daskarar da shi, ranar da zai lalace, a ajiye a sanyin da bai gaza 18 ƙasa da sifiri ba, sai wani FAO 27. Wai FAO ɗin hukumar abinci ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ta yanka tekunan duniya gida gida ta ba kowane lamba, 27 shi ne arewa maso gabashin Atilantika, wajen su Norway da Ingila da Iceland, 34 kuwa namu ne na nan yammacin Afirka, daga gaɓar Maroko da Muritaniya har ya gangaro ta gaban Legas. Wato da kwalin kaɗai za ka san wane ruwa kifinka ya sha.

Shi tambarin kuma labarinsa daban. MSC ɗin ƙungiya ce mai ba da takardar shaidar cewa an kama kifi ba tare da ƙarar da shi a teku ba, hedikwatarta na Landan, WWF masu kare namun daji da kamfanin Unilever sunka kafa ta a 1997, bayan abin da ya faru a Kanada a 1992 inda anka kame wani kifi da ake kira kod har ya kusa ƙarewa a tekun Newfoundland gwamnati ta hana kamun gaba ɗaya, dubban masunta sunka wayi gari ba sana'a. Sharuɗɗansu uku ne, kada a kama fiye da abin da kifin zai iya hayayyafa ya mayar, kada raga ta lalata sauran halittun ruwa, kuma a samu hukumar da ke sa ido da gaske. In an ba masunta takarda shekara 5 take yi, kowace shekara a dawo a duba. Sannan duk wanda kifin ya bi ta hannunsa, mai sarrafawa, mai ajiya, dillali, sai ya mallaki tasa takardar da lambarsa, ya nuna bai gauraya mai tambari da mara tambari ba. Na kifin kiwo a tafki daban ne, ASC suke ce masa, 2010 anka kafa shi.

Inda abin ya ba ni dariya, titus ɗin nan da yaro ke rantse min da shi, tun watan Maris na 2019 anka dakatar da takardar MSC ta masu kama shi a wancan yankin na 27, kuma shekaru sunka yi ta wucewa ba a mayar ba saboda ƙasashen da ke kamun sun kasa shiryawa kan rabo, kowa ya yanka wa kansa kaso, in an haɗa sai ya zarce abin da masana sunka ce a kama. Turawa ma ashe suna rigimar gado. A ƙarshen 2020 wani jinsin shawa da panla na wannan ruwan su ma sunka bi sahu. Don haka ko mai shagon ya so, ba inda zai samo wannan titus da shuɗin tambari.

Na koma na sami mai shagon da kansa, dattijo ne mai sauƙin kai, na ce Alhaji wagga fosta hwa? Ya yi dariya yac ce dilansa na Legas ne ya haɗo masa da ita cikin kaya, ya ga ta yi kyau ya liƙa. Bai yi min gardama ba ko kaɗan, ya ma jawo ni wajen kanta ya nuna min abu ɗaya tak a duk shagon da ke ɗauke da tambarin na gaskiya, wasu gwangwanayen tuna ƴan Ingila, ga kifin shuɗi ga lamba a gefensa da ta fara da MSC-C. Ƙanena ya ce gwangwani ko leda da anka rufe tun daga masana'anta ba ruwan mai shago da takarda, ya sayar abinsa, amma da zarar an fasa kwali ana aunawa kilo kilo to sai shagon na da tasa takardar kafin ya ce kifinsa mai tambari ne. Na sayi gwangwani ɗaya don ganin ƙwaƙwaf, kuɗɗinsa sun kusa na sardin uku. Na yi wa yara sanwic da shi. Tuna ne dai, mai kyau, ba ƙarni, naman a dunƙule ba ruwa tsululu ba, amma wallahi in an rufe min ido ba zan bambanta shi da wani tuna mai kyau mara tambari ba, kuma dama tambarin bai yi alkawarin daɗi ba, teku yake wa magana ba harshe ba.

Ni abin da ya tsaya min shi ne tambarin ba ya ce komai kan hanyar da ta fi damuna. Daga tashar Apapa zuwa nan ya haura kilomita 1000, mota ta lalace a hanya injin sanyi ya mutu kwana guda, wane Bature ne a Landan zai sani? Wannan sai ido. Ina duba kwali ko ya jiƙe ya bushe ya yi taswira, ina duba ko jini ya daskare a gindin leda, ko kifin sun manne sun zama dunƙule ɗaya. A wata huɗun nan sau ɗaya na ci karo da irin haka a shagon, kwalin kote, na mayar kuma sunka canza min ba tare da dogon zance ba, sai dai yaron ya ɗaure fuska kamar daga aljihunsa za a cire.

Kuma gaskiya na ɗan ji haushin tsarin kansa, domin masunta ne ke biyan masu zuwa binciken, kamfani kuma na biyan ƙungiyar wani kaso in ya buga tambarin, to Basarken da ke jefa birgi a dam ɗin Goronyo ina shi ina wannan kuɗɗi? Alhali mu ma muna da namu. A Argungu ba mai taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da anka buɗe, Sarkin Ruwa na tsaye a kai. Tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa kuwa a Kasuwar Daji nake saye wajen wani tsoho da in na ce Baba na ina ne zai ce na Goronyo ko na Yawuri, kuma ranar da ba na gulbi ba ne na kiwo ne zai faɗa min. Matsalar in ba ka da irin wannan tsohon, banda ce kawai a tire, ba ka san ko an fesa mata maganin ƙwari ba.

Farashin shagon ya ɗan ɗara na cikin kasuwa, ba sa ragi ko kwali nawa za ka ɗauka, ba sa ba da bashi, kuma POS ɗinsu kullum cikin neman sabis yake, ku riƙo tsaba. Wajen ajiye mota ma matsatsi ne. Kaya na sauka ne yawanci ƙarshen mako, ni da safe nake zuwa in ce a fito min da kwali rufaffe in karanta kwanan wata kafin a fasa.

Fostar dai har jiya tana nan, sai dai Alhaji ya sa an matsar da ita saitin kantar gwangwani.