Ƙunshin ganyen taba biyar na haɗa tabar lofe a gida: abin da na gani bayan wata bakwai

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Hambog ta ƙasar Jamus shi ya saba riƙo min gwangwanin tabar lofe duk lokacin da zai zo gida Kumasi. Da farko Early Morning Pipe ta kamfanin Dunhill yake kawowa. Da suka daina yin tabar lofe a 2018, sai haɗin ya dawo da sunan kamfanin Peterson, muka ci gaba da ita. Tun da sidi, kuɗinmu na Gana, ta faɗi warwas a 2022 na fara jin nauyin abin, domin idan na lissafa kuɗin gwangwani ɗaya mai giram 50 da kuɗinmu, sai in ga ya kai ɗinkin manyan riguna biyu a shagona na Aboabo. Yaron ba ya karɓar ko kwabo a hannuna, wannan ma shi ya ƙara min kunya. Da na yi masa maganar sai ya ce, "Kawu, akwai masu sayar da ganyen daban-daban, kai za ka haɗa da kanka. Ya fi araha, kuma ka samu abin yi da dare."

A watan Yuni ƙunshin ya iso. Leda biyar ce, kowace giram 50, an rubuta sunan ganyen a jiki: Virginia, Burley, Oriental, Latakia da Perique. Akwai kuma wata 'yar takarda mai bayanin yadda ake haɗawa. Ba zan ambaci shagon da ya saya ba, saboda ina da ƙorafi a kansu, zan zo wurin.

Ranar da na buɗe, shimfiɗa su na yi a kan tire, na bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci. Virginia jaja-jaja ce mai ruwan ɗorawa, ƙamshinta kamar harawar da ta sha rana. Da zafin bututu ake busar da ita a rufaffen ɗaki, hayaƙi ba ya taɓa ta, shi ya sa zaƙinta ke zama a jiki. Amma zaƙin nan shi ne tarkonta. Na cika lofe da ita zalla, na yi ta zuƙa da sauri irin na wanda ya taɓa shan sigari, washegari ko kokon safe ban iya kurɓa ba don zafin harshe. Burley kuwa a inuwa ake rataye ta makonni, iska ta busar da ita, zaƙin ya tafi kusan gaba ɗaya, sai ƙarfin ya saura. A bakina ta yi kama da gyaɗar da aka soya ba gishiri. Ba ta ba ni haushi ba, ba ta kuma burge ni ba, har yau rabin ledarta na nan.

Latakia ce ta tsayar da ni. Baƙa ce wuluk, ina buɗe ledar ɗakin ya cika da ƙauri, har uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Maigida, me ke ƙonewa?" Sunan na garin Lazikiyya ne da ke gaɓar tekun Siriya, ko da yake daga baya yawancinta daga tsibirin Saifurus ta riƙa fitowa. Ƙananan ganye ne irin na Oriental da ake shanyawa a rana, sannan a rataye su watanni a kan hayaƙin itatuwa masu ƙamshi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu banda kifi zai gane abin da nake nufi, sai dai wannan ƙaurin akwai wani abu kamar turaren wuta a ƙarƙashinsa. A nan na gano cewa ita ce abin da nake so a gwangwanin da na yi shekaru ina sha ban san sunanta ba. Abin da Turawan Ingila ke kira haɗinsu ba wani abu ba ne illa Virginia da Oriental da Latakia, kowane kamfani da awonsa.

To, ga ƙorafin. Ledar Perique ba a liƙe bakinta da kyau ba. Ita wannan ganye dama jiƙaƙƙiya ce, a wani ɗan yanki na Luwiziyana a bakin kogin Misisifi ake yin ta, a danne ta cikin ganga da ƙarfi ta yi kamar shekara tana tsima cikin ruwan jikinta, ta fito da warin da ke tsakanin busasshen inabi da daddawa. Sau biyu kawai na ɗanɗana ta, ɗan tsunkule a cikin Virginia, na ji wani yaji mai ratsa hanci kamar masoro. Mako na biyu na buɗe na tarar da fumfuna fara fat ta lulluɓe ta kamar auduga. Zubar da ita na yi duka, domin tabar da ta yi fumfuna ba a tsince ta a sha sauran. Yaron ya aika musu hoto, suka ce ajiya ce ba a yi da kyau ba, shi ke nan. Ita ce mafi tsada a cikin biyar ɗin.

Na yarda damina ta taimaka. Duk wanda ya zauna a Kumasi a watan Yuni ya san takalmin fata ma idan aka bar shi ƙarƙashin gado sai ya yi tsanwa. Amma takardarsu ce ta ƙara ɓatar da ni. Duk bayaninta a kan yadda za a ƙara wa taba danshi ne kada ta bushe, shawarar da ta dace da mutumin da ke zaune a ɗaki mai na'urar ɗumama cikin sanyin Turai. Ko layi ɗaya babu ga wanda iskar garinsu ke ɗauke da ruwa. Mu a nan da damina aikin juyawa yake yi: sai ka baza abin da za ka sha a kan takarda ya sha iska kamar rabin awa, in ba haka ba lofen ya riƙa mutuwa, ruwa ya taru a gindinsa yana ƙara, ashana ta ƙare a banza. Bayan asarar Perique na juye sauran huɗun cikin kwalaben gilashi masu murfin roba, waɗanda na dafa a ruwan zafi na shanya su sarai. Tun daga nan ban sake ganin fumfuna ba.

Haɗin farko da na yi da ido na yi shi, ɗan wannan ɗan wancan, kamar mai zuba kayan miya. Ya yi daɗi, amma da na so maimaitawa sai ya ƙi. Wani maƙerin zinariya da muke salla tare ya ara min ƙaramin sikelinsa mai nuna giram, na kuma ware bayan littafin awon shago ina rubuta kowane haɗi. Sai abu ya fara zama. Nan na ga Latakia ba ta son yawa: da ta kai kashi ɗaya cikin uku, sai ta danne kowa, ka ji kamar gawayi kake tauna. Oriental kuwa ita kaɗai ba ta da wani armashi, ɗan tsami-tsami ne da bauri, amma idan babu ita haɗin sai ya zama kamar tuwo ba miya.

Duk da haka akwai abin da ya rage, wani nauyi da nake nema ban samu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya yi, kuma da lofen yumɓu na san shi. Tabarsa ta gida ce, baƙa, a murɗe kamar igiya. Wata Asabar na shiga kasuwar Kejetia na nemi masu sayar da ganyen taba, waɗanda mata ke saya su daka da kanwa su yi ta shaƙa. Wata tsohuwa ta ce nata daga wajen Wenchi ake kawo mata. Na ce, "Iya, a lofe zan sa." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan ba irin ta gwangwani ba ce. Ka sa kaɗan." Na zare jijiyar tsakiyar ganyen, na yayyafa masa ruwa ya yi laushi, na naɗe shi tam kamar tabarma, na yanka siriri da sabuwar reza. Ban ji maganarta yadda ya kamata ba, na zuba kusan rabi. Kafin lofen ya kai tsakiya shaƙuwa ta kama ni, zufa mai sanyi ta karyo, jiri ya sa na jingina da bango har aka kira isha'i ban iya miƙewa ba. Nikotin ne, sinadarin da ke ba taba ƙarfi, kuma ganyenmu na gida yana da shi sosai.

Da na dawo da ita kashi ɗaya cikin goma, sai ta zauna daram. Haɗin da na tsaya a kai, a giram 20, shi ne Virginia 11, Oriental 4, Latakia 3, ta gida 2. Ina cuɗa su da hannu a kan tire har launin ya gauraya, in naɗe a farin ƙyalle mai tsabta, in sa tsakanin katako biyu, in ɗora tsohon dutsen guga na gawayi da muka daina amfani da shi a shago. Kwana goma yake yi a danne. Idan na buɗe ya zama dunƙule kamar ƙuli-ƙuli, sai in marmasa shi cikin kwalba in manta da shi mako uku. Wannan jiran ba ƙaramin bambanci yake kawowa ba. Wanda aka haɗa yau aka sha yau, kowane ganye maganarsa yake yi daban. Wanda ya kwanta kuwa zafin Virginia ya ragu, ƙaurin ya shiga ko'ina daidai. Daren da na fara shan wanda ya kwanta, ƙamshin da ya tashi a bayan gida ya tuna min da zauren Baba, har na kasa ƙarasa lofen.

Da hunturu ya shigo a Disamba sai matsalar ta juya. Cikin kwana biyu abin da na bari a buɗe ya zama gari kamar kuka, yana ci da sauri yana ƙona baki. Wani dattijo ya ce in sa ɓawon lemo, ban sa ba, na riga na ga fumfuna sau ɗaya. Tsingaron tukunya na samu, na dafa shi, na jiƙa da tafasasshen ruwa, na goge, na sa a kwalbar ya kwana. Da safe ganyen ya dawo, idan ka matse shi ya haɗu, ka saki ya buɗe a hankali.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Haɗawa da hannu bai mayar da ita magani ba. Likitan haƙori da na gani a watan Oktoba ya duba dasashina ya faɗa min ƙiri-ƙiri cewa ko ba a haɗiye hayaƙin lofe ba yana jawo sankarar leɓe da harshe da maƙogwaro, kuma na yarda da shi. Limaminmu ma ya taɓa ja na gefe ya yi min nasiha, ban yi masa musu ba. Dokar lafiyar jama'a ta Gana ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar mutane, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, don haka shagona ba a kunna ta, yaran da ke koyon ɗinki ma ba su taɓa ganin lofen ba. A bayan gida nake sha, sau ɗaya bayan isha'i, kwalaben kuma suna cikin akwati da kwaɗo saboda jikoki. Wanda bai taɓa sha ba, ba na ce masa ya fara, ko da wannan ƙunshin ko da wani. Ni dai abin da na lura, tun da na koma aunawa da sikeli na san iya abin da nake ƙonawa a mako, kuma ya ragu a kan na da.

Ga wanda ya riga yana sha, ƙunshin ya biya kuɗinsa da ganye uku: Virginia ɗinsu mai kyau ce, yankan daidai, babu itace a ciki, Latakia da Oriental ma ba abin da zan ce. Burley ba ta yi min amfani ba, Perique kuma asara ce. Jiya yaron ya kira yana tambayar ko ya sake sayo irinsa kafin azumi. Na ce ya bar ƙunshin, ya sayo Virginia giram 100 da Oriental 50 kawai, a wani shagon daban, ya kuma duba bakin ledar da idonsa kafin ya biya. Latakia da ta rage za ta kai ni wata daminar, ta gida kuwa Iya na nan Kejetia.