Bas ɗin 'Yan Kura zuwa Kabuga: shawarata ga baƙon Kano

Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma rabin masu sayayyata baƙi ne daga Maraɗi, Damagaram da Sakkwato. In sun gama ɗaure kaya, da yawa sukan ce suna son ganin gari, sai su tambaye ni me za su hau. Amsata kullum ita ce ƙaramar bas ta haya, da rana, kuma daga tasha.

Na san adaidaita sahu ce ta cika titi. Tun da aka hana acaɓa a 2013 ita ce ƙafar Kanawa, har bas ta ja baya. Amma baƙon da bai san Fagge daga Gwammaja ba, in ya ɗauki shatar adaidaita shi kaɗai, ya miƙa kansa ga mutum ɗaya. Mafi yawan matuƙan mutanen kirki ne masu neman halak, sai dai shi baƙo ba shi da yadda zai tantance. Ita bas hanyarta sananniya ce, ba ta karkata lungu. Cikinta akwai ɗalibai, da 'yan kasuwa, da tsohuwa mai kwandon kayan miya, kowa ya san inda za a bi. In direba ya sauya hanya, kafin ka buɗe baki mutum biyar sun tambaye shi dalili.

Layin da na fi tura mutane shi ne na 'Yan Kura zuwa Kabuga. Kafin ka sa ƙafa, tambayi kwandasta: “Malam, ta cikin gari za ku bi ko ta titin BUK?” In ta cikin gari ce, za ka sauka Ƙofar Mata ka ga marinar da ake cewa tun 1498 take aiki, da rijiyoyin baba da marina hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu. Gaba kaɗan ga babban masallacin Juma'a, ga Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, ga Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, daura da shi. Ta titin BUK kuwa, wato na Jami'ar Bayero, ragowar badala za ka riƙa gani ta taga, da ƙofofi bi da bi: Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na ga yadda gine-gine ke cinye ta.

Kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin fetur a 2023, don haka a yi magana kafin a zauna. Ka ware canji a aljihun gaba tun daga masauki. Babban kuskuren 'yan kasuwa baƙi shi ne zaro damin kuɗi a cikin mota don biyan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar waya, wadda ita ce ta fi damuna. Ƙwacen waya ya addabi Kano, ba wanda zai musa. A bas, haɗarin yana wuri biyu: bakin taga lokacin cunkoso, da bakin ƙofa lokacin turereniyar shiga. Na ga yaro ya zura hannu ta taga a wata mahada, mai wayar tana tsakiyar ɗaukar hoto, kafin ta ce innalillahi ya ɓace tsakanin adaidaita. Hoto ya jira sai an sauka an sami gefe. Jaka kuma a ɗora ta kan cinya.

Ba zan ce bas ɗin tana da daɗi ba. Yawancinsu sun tsufa, kujera ta lotsa, ana cusa mutum huɗu inda uku za su wadata, ga zafin watan Afrilu in ana jiran ta cika. Babu allo mai nuna tashoshi, sai kiran kwandasta, shi ma da sauri yake jero sunayen unguwanni. Maganin wannan shi ne ka gaya wa na kusa da kai inda za ka. “Baba, don Allah in an zo Mandawari a nuna mini.” Ban taɓa jin an hana baƙo wannan ba, wani ma shi zai ɗaga murya ya ce akwai mai sauka. Mata kuma ana ba su wuri su zauna gefe guda, wanda ke sa hajiyoyin da nake turawa su saki jiki.

Inda ta gaza shi ne lungunan birni. Ba za ta kai ka cikin Kasuwar Kurmi ko gindin Dala ba. Nan sai ka sauka a babban titi ka ƙarasa da adaidaita mai ɗauke da wasu fasinjoji, zai fi kyau da ɗan gari a tare. Ana kiran magariba kuma ka kasance ka koma masauki, don bayan isha'i motocin sun yi ƙaranci, tsayuwa bakin titi da kaya a hannu ba ta baƙo ba ce.