Gargaɗi ga iyaye da ɗalibai a Kano: ejan ɗin "karatu kyauta a ƙasar waje"

Salamu alaikum jama'ar Kano. Don Allah duk wanda ya ci karo da wannan rubutu ya tura wa iyayensa da yayyensa, musamman gidajen da ke da yaran da suka gama sakandare ko digiri suna zaune ana ta neman yadda za a fitar da su waje karatu. Akwai wani mutum da ya kama ofis a saman bene cikin filazojin nan na Zoo Road, wai shi ejan ne na jami'o'in waje, yana samo adimishan da sikolashif a Kanada da Turkiyya da Saifurus da Ingila. Ba zan kama suna ba saboda maganar tana hannun hukuma, kuma ko na kama ma ba abin da zai tsinana, yau sunan kamfanin daban gobe daban, allon bakin ƙofa kawai ake sauyawa. Salon aikin nake so ku gane don ba shi kaɗai ba ne a garin nan.

Ɗan yayata ya faɗa hannunsa. Yaron ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, aiki shiru, sai wani abokinsa ya sa shi a wani gurup na WhatsApp irin wanda admin kaɗai ke iya magana, kullum ana watso hotunan samari da akwatuna a filin jirgin Malam Aminu Kano ana rubuta Alhamdulillah wani ya sake tashi. Shi da mahaifiyarsa suka je ofishin. Wuri tsaf, ga sanyin AC, ga tutocin ƙasashe jere a kan tebur, ga sakatariya tana kawo ruwan roba. Mutumin ya sauko daga kujerarsa har ƙasa ya gaida ta, ya ce "Hajiya ai ke uwa ce a wurina, wannan ƙanina ne, wallahi ba don kuɗi nake wannan harka ba, 'yan Kudu sun yi mana nisa ne nake so yaranmu su ma su fita." To wace uwa ce za ta ji wannan ba ta saki jiki ba? Kafin su tashi ya ce gurbi uku ya rage kuma ranar Juma'a za a rufe.

Daga nan aka fara yanka a hankali. Kuɗin fom dubu hamsin, wannan ba wanda zai yi gardama a kai. Bayan ɗan lokaci sai ga takardar adimishan ta wata kwaleji a Kanada ta iso a waya, gida ya kaure da murna, aka ce sai a biya kuɗin riƙe gurbi da dala, aka je Wapa aka yi canji aka kai masa hannu da hannu. Sai kuɗin inshora, sai kuɗin biza, sai kuɗin "wanda zai tura fayil daga ciki". Duk wanda aka tura ta banki, akawun ɗin wata mata aka ba su, wai na kamfani ya samu matsala. Yayata ta sayar da sarƙarta da awarwaro, ta kwashi adashi, ƙarshe har filin da ta gada ya tafi. Rasit ɗin da yake bayarwa kuwa irin na bandir ɗin nan ne da ake saye a shagon littattafai, an buga masa hatimi. Ya kuma karɓe fasfon yaron tun ranar farko.

Da aka ga gafara sa ba a ga ƙaho ba, kullum ambasi ce ba ta saki ba, sai yaron ya kai takardar wurin wani abokina da ke koyarwa a BUK wanda ya yi karatunsa a waje. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce ku duba ƙasan nan. Adireshin imel ɗin da aka ce a tuntuɓi makaranta da shi na Gmail ne, alhali makarantar gaske da adireshin shafinta take aiko da saƙo. Sunan kwas ɗin a sama daban, a tsakiya daban, alamar takardar wani aka goge aka ɗora sunan yaronmu, har rubutun sunan ya fi sauran kauri. Ya shiga shafin kwalejin na ainihi ya ɗauko adireshin ofishin ɗaukar ɗalibai ya tura musu, amsa ta dawo cewa ba su da mai wannan suna kuma lambar ɗalibin ba irin tasu ba ce. Aikin da bai ci ko sisi ba sai data.

Kuma wallahi gara da abin ya tsaya a nan. Da an shigar da wannan takarda neman biza, yaron ne zai kwana a ciki ba ejan ba, don a Kanada wanda aka kama da takardar bogi hana shi shiga ake yi na shekara 5, a Ingila kuma abin yana iya kaiwa shekara 10, ba ruwansu da cewa wani ne ya cika maka. A 2023 ɗaruruwan ɗaliban Indiya suka shiga tashin hankalin kora daga Kanada bayan sun yi shekaru a can, har wasu sun gama karatun, sai daga baya aka gano takardun da ejan ya shigar musu tun farko na ƙarya ne. Shi ya sa tun Disamba 2023 hukumar shige da fice ta Kanada take tura kowace takardar adimishan ga makarantar da aka ce ta bayar don ta tabbatar. Sannan daga Janairu 2024 suka ƙayyade yawan ɗaliban da za su ɗauka, suka ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna yana da shi na zama daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a wancan lokacin, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Don haka duk wanda ya ce maka yana da hanya ta ciki ko biza tabbas ce, romon baka ne kawai.

Ingila ma haka. Ba a neman bizar karatu sai da lambar CAS, wato lambar shaidar cewa makaranta ta ɗauke ka, kuma jami'a ce da kanta take fitar da ita. Kuɗin da za ka nuna sai ya kwana 28 a jere a akawun ba tare da ya sauka ƙasa da adadin ba, ga gwajin tarin fuka da ba a yi sai a asibitin da suka amince da shi, ga kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara tun Fabrairu 2024. Na ji yana gaya wa magidanta wai su nemi mastas su kwashi mata da yara, alhali tun Janairu 2024 aka hana masu mastas na aji tafiya da iyali, sai masu karatun bincike irin su PhD da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Akwai kuma wannan harkar ta a zuba maka kuɗin aro a akawun na wata guda ka biya kaso. A ce ma an ba ka bizar, da me za ka biya makaranta in ka sauka? Mun ga yadda faɗuwar naira ta sa a 2024 aka cire wasu ɗalibanmu daga wata jami'a a Ingila aka ce su bar ƙasar don sun kasa cika kuɗi, kuma waɗannan da guminsu suka tafi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sayar wa mutane abin da yake kyauta. Sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya kyauta ake nema a intanet, a kan buɗe daga Janairu zuwa Fabrairu, in ka samu su za su biya makaranta da masauki da tikiti da inshorar lafiya su kuma riƙa ba ka ɗan alawus duk wata, har da shekara ɗaya ta koyon Turkanci. Suna da ƙa'idar shekaru, mai neman digirin farko kada ya kai 21, mastas kada ya kai 30, dakta kada ya kai 35. Amma a cikin waɗanda muka haɗu da su a ƙofar ofishin nan akwai saurayin da ya haura 25 an karɓi kuɗinsa wai za a kai shi digirin farko. Chevening, sikolashif ɗin gwamnatin Ingila, kyauta ake cikewa. Jami'ar Musulunci ta Madina kyauta ake nema, duk da nan ma akwai masu zagaya islamiyyu suna karɓar kuɗi wai sun san wani shehi a can. Ko na gwamnatin jiha, lokacin da aka sanar da ɗaukar ɗalibai 1,001 a 2023 zuwa Indiya da Yuganda, a fili aka faɗi sharaɗi, sai mai digiri mai daraja ta ɗaya, aka tantance, ba a bayan filaza aka raba ba. Ejan na gaskiya ma, irin wanda yake da yarjejeniya da jami'a, yawanci jami'ar ce ke biyansa kamisho a kan kowane ɗalibi, kuma kuɗin makaranta akawun ɗin makaranta ake turawa.

Sai maganar Saifurus, don nan ne ya fi tura 'yan mata da yara ƙanana, kuma nan ɗin wani lokaci da gaske ana tafiya. Ku sani tsibirin kashi biyu ne, inda ake kai yaranmu shi ne ɓangaren Arewa, wanda a duniya Turkiyya kaɗai ta yarda ƙasa ce, ba ya ƙarƙashin gwamnatin da ke cikin Tarayyar Turai, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can da yaro zai ruga in ya shiga matsala. Tun Agusta 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta ja kunnen iyaye a kan tura yara can saboda mace-macen ɗalibanmu da aka yi ta samu. "Sikolashif kashi 50" da ake ɗaga muku rangwame ne na talla, sauran rabin da haya da abinci duk a wuyanku suke, da kuɗin waje. Ban ce kowace makaranta a can ta banza ce ba, akwai waɗanda suka je suka gama lafiya, amma a gaya wa uba gaskiyar abin da zai biya kafin ya sa hannu mana.

Waɗanda kuɗinsu bai kai ba kuma sai ya ce akwai Kwatano ta ƙasar Benin, digiri cikin sauri. Kun manta ɗan jaridar nan Umar Audu na Daily Nigerian da ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida har ya shiga bautar ƙasa da shi? Labarin ya fito ƙarshen Disamba 2023, farkon Janairu 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i 8 kacal ta yarda da su a ƙasashen biyu. Masu son likitanci kuma ku tuna duk inda yaro ya karanto sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, to a fara tambayarsu ko sun san makarantar kafin a sayar da gona.

Ni abin da na lura, duk dabarar mutumin nan a wuri ɗaya take, ba ya bari ɗalibi ya yi magana da makaranta kai tsaye. Shi zai buɗe maka sabon imel ya riƙe fasuwod, shi zai cike komai da lambarsa, in ka ce a ba ka ka duba sai ya ɓata rai ya ce "Alhaji in ba ka yarda da ni ba ga takardunka, akwai masu jira." Ya tsaya tsakaninku kamar dillalin shanu da ba ya so mai saye da mai sayarwa su haɗa ido. Satifiket ɗin CAC da ya rataye a bango kuma kada ya ruɗe ku, rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba ta nuna wata jami'a ta san da zamansa.

Sannan mu ma da halinmu na rufa-rufa. Da muka fara bibiya sai ga shi a unguwa ɗaya gida biyu ya cuta kuma ba wanda ya gaya wa wani, kowa na jin kunya kada a ce an yi masa wayo, wani kuma tun farko ya ɓoye tafiyar don gudun baki. In an matsa masa sai ya turo dattijai a yi sulhu, ya ba da ɗan wani abu daga kuɗin sabon wanda ya shigo, a ce a bar wa Allah sauran. Da haka yake ci gaba. Yayata ma sai da muka sha fama da ita kafin ta yarda a kai ƙara, tana cewa kada sunanta ya shiga bakin duniya.

Yanzu dai mun kai takarda ofishin EFCC da ke titin Hajj Camp, kuma an shigar da rahoto wurin 'yan sanda. Duk wanda ya san ya ba irin wannan ofis kuɗi, kada ya goge komai a wayarsa, alat na banki da hirar WhatsApp da saƙon murya da rasit ko na bandir ne a adana, a je banki a ciro sitetmen, a haɗu a kai tare don fayil mai mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi. Wanda fasfonsa ke hannunsa ya faɗa a cikin ƙarar tun farko. Kuma ku lura, ofishin a rufe yake tun satin da ya wuce amma gurup ɗin yana nan, an canza masa suna, yanzu tallar aikin kula da tsofaffi a Ingila ake yi a ciki, kuma lambar akawun ɗin matar nan ce dai ake bayarwa.