Barbie injiniyar kwamfuta: ta 2010 da ta 2016, wacce za ki saya wa 'yarki?

'Yar'uwa, kin tambaya cewa 'yarki mai shekara bakwai ba ta rabuwa da kwamfutar babanta, kina so ki saya mata 'yar tsana mai aikin kwamfuta, kin ga iri biyu na kamfanin Mattel, kin rasa ta ɗauka. Ni dai ta 2016 zan ce.

Ta farko ta fito a 2010, bayan ƙuri'ar da jama'a suka kaɗa ta intanet, kuma ƙungiyar mata injiniyoyi ta Amurka ta ba da shawara wajen tsara ta. Kwamfutarta ruwan hoda, tabarau ruwan hoda, rigarta an zuba mata lambobin 0 da 1 kamar zanen atamfa, ga abin amsa waya maƙale a kunne. Mutane sun yi ta sukar kalar, ni kuwa kalar ba ta dame ni ba. Mace mai son kwalliya ba abin da zai hana ta rubuta manhaja. Abin da ya ɓata min rai shi ne ɗan littafin da aka buga game da ita. A ciki tana tsara wasan kwamfuta, amma da bakinta ta ce ita dabarar zanen kawai take kawowa, sai samari biyu, Steven da Brian, sun mayar da shi wasa na gaske. Ta kuma sa wa kwamfutar ƙanwarta bairos, samarin ne suka zo suka gyara. Injiniya guda fa! Da aka yi ca a kan kamfanin a Nuwamban 2014, ya ba da haƙuri ya janye littafin. Dama a 1992 ya taɓa fitar da wata Barbie mai magana da ke kukan darasin lissafi da wuya.

Ta 2016, mai ƙirƙirar wasannin kwamfuta, wandon jins ta saka da jaket kore da takalmin kambas. Kwamfutarta ruwan azurfa ce, kuma idan kika matso da ido kan allon, layukan rubutun manhaja za ki gani. Yarinya na kallonta za ta gane cewa wannan ita ke aikin da hannunta.

Inda suka yi tarayya shi ne ƙirar jiki: ƙugu siriri, doguwar ƙafa. Kada ki raina wannan. A binciken Aurora Sherman da Eileen Zurbriggen na 2014, kan yara mata 37, waɗanda suka yi wasa da Barbie sun lissafa wa kansu sana'o'i ƙasa da waɗanda suka lissafa wa maza, ko da mai rigar likita aka ba su. Yaran ba su da yawa, amma ni abin ya tsaya min a rai.

Saboda haka in kin saya, ki buɗe mata Scratch, manhajar da ke koya wa yara rubuta manhaja, a kwamfutar babanta, kyauta ne, ki zauna kusa da ita har ta sa magen da ke allon ya yi tafiya.